Ƙarshen Zango Za Su Tashi

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Gwaggo da sauran mutanen gida. Yaya ƙafar da aka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gane mai rubutun. Ni ce 'yar mai hoton filin ƙwallo, wanda ya auri 'yar ƙanwar mahaifiyarka. Rabonka da ni tun ranar da kuka zo gaisuwar rasuwar Baba, ina yarinya. An ce mini kunnenka ya yi nauyi har ka daina riƙe waya, shi ya sa na rubuto, na ba direban motar kayan da ke bi ta ƙofar shagonka.

A cikin kwalin nan akwai dogon gilashin kyamarar Baba, wanda ake turawa a jawo, ya zuƙo abu daga nesa. Faɗuwa ya yi a kan siminti. Yanzu ya cije a tsakiya, ba ya gaba ba ya baya. In na girgiza shi ina jin wani abu yana ƙara a ciki, in na leƙa kuma dishi-dishi nake gani. Na zaga masu gyaran garin nan, kowa ya juya shi a hannu ya ce kamfanin ya daɗe da daina yin irinsa, kayansa babu. Ɗaya ma cewa ya yi in mayar da shi taɓarya.

Bari in gaya maka abin da ya sa na matsu, don kada ka ɗauka son hoto ne. Ina da 'ya, muna ce mata Tsigi saboda ƙanƙantarta, tana aji biyu. Bayan mun rabu da ubanta na yi ciwon da ya taɓa mini kai, na kwanta a asibiti, kotu ta ba shi ita. Da na warke na je ƙofar makarantarsu. Tana ganina ta fizge hannunta ta rugo, aka yi ta janta tana ihu, jama'a suka taru. Daga nan ya samo takarda cewa kada in sake kusantar makarantar ko gidansa.

Sai na nemi aiki a ɗakin wankin wani otal da ke bayan makarantar, tsallaken babban titi. A rufin sama muke shanya zannuwan gado. Daga can ana hango filin wasansu, amma da ido kawai yaran duk ɗaya ne, ƙananan fararen riguna suna kai da kawowa. Da gilashin Baba kuwa har giɓin haƙorinta ina gani. In an fito da su shan iska sai in tsaya a tsakanin zannuwa in same ta. Ranar da ya faɗi, iska ce ta kaɗo jiƙaƙƙen zane ya make mini hannu.

Kawu, ba ni da komai sai wannan. Kuma sauri nake yi, don na ji ƙarshen zangon nan za su tashi.

'Yarka mai wanki.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso lafiya, kwali bai taɓu ba. Ƙafa tana nan tana mulkinta, ni da ita mun saba. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce ta tuna ki sarai, wai ke ce kika rungume jakar kyamarar ubanki ranar nan kika hana kowa taɓawa.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Allah ya isar miki. Ban da abin cewa da ya wuce wannan, bari in koma ga abin da na iya.

Gilashin nan na san shi tun ba a haife ki ba. Cikinsa bututu ne a cikin bututu. A jikin na cikin an yanka hanyoyi masu lanƙwasa, akwai wasu 'yan tayoyin roba kamar ƙwayar shinkafa da ke gudu a cikinsu, su ke kai gilasan gaba da baya. Faɗuwar ta farfasa tayoyin, su kike ji suna ƙara. Bakin hanya ɗaya ya lotsa. Giris ya bushe ya daskare. Sannan fumfuna ta fara saƙa a gilashin tsakiya, wannan kam ba laifin faɗuwa ba ne, damshin zannuwanku ne.

Masu gyaran garinku ba ƙarya suka yi ba, har mai taɓaryar. Kayansa babu. Ina da wani akwati da nake tara matattun gilasai ina cire musu kaya, Gwaggonki tana ce masa maƙabarta. Na zazzage shi kaf, ban sami ɗan'uwansa ba.

Hanya biyu ce. Ko in tura shi ƙarshe da ƙarfi in ɗaure shi da gam da sukuru, ya zama na kallon nesa kawai. Aikin yini ɗaya ne, amma daga ranar ba a sake buɗe shi, fumfunar kuma za ta ci gaba da cinsa har ya makance. Ko kuma in wargaza shi gaba ɗaya, in sassaƙa tayoyin da hannuna, in wanke shi, in mayar. Na zaɓi ta biyu. Ba zan ba ki aikin faci ki kalli 'yarki da shi ba. Na lura da maganar tashinsu, na yi lissafi da ita, in Allah ya yarda za ki same shi a kan lokaci.

Tambaya ɗaya. Kin koma kotu da takardar likita ta cewa kin warke?

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Gwaggo. Na gode, na gode. Da na kai wurin da ka ce zan same shi a kan lokaci sai da na zauna a kan buhun sabulu ina gode wa Allah.

Na koma kotu. Takardar likita tana hannunsu. An sa rana, aka ɗaga, aka sake sa wata, ranar kuma ba a zauna ba. Wadda aka sa yanzu ta yi nisa, ba za ta amfane ni ba.

Har yanzu ina hawa rufin in an fito da su. Shugabar masu guga, wadda muke ce wa Uwar Guga, ita ce take rufa mini asiri. In ta ji ƙararrawar makarantar sai ta ɗaga murya ta ce, "Ke, zannuwan nan shanya kansu za su yi?" Sai in ɗauki kwando in hau, ko da kuwa babu komai a ciki sai tawul biyu. Rannan ta biyo ni ta ba ni wayarta ta ce, "Ja hoton da yatsa, jikata ta ce har watan sama yana kawowa kusa." Na ja, yaran suka zama dunƙule-dunƙule kamar an zuba ruwa a kan zanen alli. Ta karɓa ta duba ta ce, "To, wannan ko uwar da ta haife su ba za ta gane su ba." Sai ta tuna da wa take magana, ta hau gyara igiya.

Ina ƙoƙarin gane ta da tafiya. Tsigi ba ta gudu miƙe, tana ɗan karkata kafaɗa. Amma daga nan sai in ga uku ko huɗu suna karkatawa. Kafin gilashin ya faɗi na ga ta fara zama ita kaɗai a gindin katanga, tana buɗe kwanon abincinta tana rufewa ba ta ci. Ban san ko ta daina ba. Abin da ya fi cina ke nan.

Ba matsa maka nake yi ba. Ka dai sanar da ni inda aka kwana.

'Yarka.

*

Kawu,

Ina fatan lafiya ce ta sa shirun nan. Direba ya ce motarsa ta kwana biyu a gareji, da ya tashi kuma an canza masa hanya, sai jefi-jefi yake bi ta wajenku. Na roƙe shi ya kai wannan ko da zai yi ratse.

Sun fara jarrabawa. Matar da ke sayar da ruwa a ƙofar makarantar ta gaya wa Uwar Guga cewa uban Tsigi ya riga ya sayar da motarsa, a tasi yake zuwa ɗaukarta yanzu. Kayan gidan ma an fara fitarwa. Aikin da ya samu a wata ƙasa ne, ba wanda ya san sunan garin, ko kuma sun sani ba za su gaya mini ba. Ana ba da sakamako za su wuce.

Don Allah ko a yaya yake ka aiko shi. Ko gam ɗin ne ka sa. Ba na bukatar ya yi shekara, kwanakin nan kawai nake so ya kai ni.

'Yarka.

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki mai labarin Uwar Guga ita ce ta ƙarshe da na samu, ki gaishe ta, mutuniyar kirki ce. Ki yafe mini shirun. Zazzaɓi ya kwantar da ni, da na tashi kuma hannuna ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Direban naku ma ya ɓace, don haka wannan ta gidan waya na aiko.

Amma ga albishir. Tayoyin sun samu. Na fara da bututun biro, ya tsage. Na gwada robar sirinji, ta yi laushi, tana shiga hanyar ta murɗe. Daga ƙarshe na ciro bakin wani tsohon risho, na tagulla, na yi ta cinsa da magagari ina gwadawa. Na farkon da ya yi daidai, ina ɗaga shi da hantsaki don in nuna wa Gwaggonki sai ya yi tsalle ya ɓace. Ta ɗauko maganaɗisu ta rarrafa duk ɗakin. Na bar ta har ta gaji sannan na ce mata tagulla ba ta bin maganaɗisu. Ban ji abin da ta ce ba, kuma a ranar na gode wa Allah da nauyin kunne. A cikin naɗin wandona muka same shi.

Lotsawar na buga ta a hankali ta miƙe. Fumfunar ta fita, sai ɗan tabo a gefe wanda ba zai hana ki komai ba. Yanzu yana shimfiɗe a kan farin ƙyalle gunduwa-gunduwa, kowane yanki a cikin murfin kwalbarsa. Saura tayoyi biyu, sai mayarwa, sai saiti, wanda shi ne mai cin rai, don in gilashi ɗaya ya kauce da kaurin gashi komai ya lalace.

Tun da kin ce ƙarshen zango makarantar za ta tashi, filin zai zama wayam ko da gilashi ko babu. Shi ya sa ban yi gaggawa ba. Kafin su dawo daga hutu yana hannunki, ranar farko da za su koma aji da shi za ki tarbe ta.

Kawunki.

*

Kawu,

Takardarka ta gidan waya ta iso yau. Ta yi saɓani da tawa.

Ba makaranta ce za ta tashi ba. Su ne za su tashi. Ubanta zai bar ƙasar da ita. Babu dawowa daga hutu, Kawu. Wa zai dawo?

Na dawo da takardata ta farko a raina na yi ta juyawa. Na ce za su tashi. Ka ce ka lura, ka yi lissafi. Na zauna a kan buhun sabulu ina gode wa Allah, ashe kai hutu kake lissafawa. Da ka sa gam ɗin nan tun ranar, da duk makonnin nan ina ganinta. Ka ce ba za ka ba ni aikin faci ba. Ni rayuwata duk faci ce, da na karɓa da hannu biyu.

Ka yafe mini, ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Ba zan sake karanta abin da na rubuta ba, in na karanta ba zan aiko ba.

Jibi ake rufewa.

*

'Yata,

Takardunki biyu tare direba ya miƙo mini su. Na karanta ta farko ban gama fahimta ba, na buɗe ta biyu.

Babu abin yafewa. Abin da kika faɗa haka yake. Na ga kalmar, na ɗauki ma'anar da ta yi mini daɗi, wadda za ta ba ni lokaci in yi aiki mai kyau. Layi ɗaya ya kamata in rubuto in tambaye ki, ban yi ba.

Na so in koma wa gam ɗin a take. Ba ya yiwuwa. Abin da aka wargaza ba a ɗaure shi, sai an mayar da shi tukuna. Na ce wa direba ya jira, ya ce kayan mutane ne a motar, ya tsaya iya tsayuwarsa ya tafi. Na zauna na ci gaba. Idona ba ya aiki sai da hasken rana, don haka na fitar da tebur ƙofar shago. Gwaggonki ta riƙe mini wuyan hannu ina ɗaura ƙananan sukurorin, don in ta saki sai sukurudireban ya yi ta rawa a kan ramin. Na san ranar ta wuce tun ina kan saiti, ban dai tsaya ba, don ban san abin da zan yi da hannuna ba in na tsaya.

Ga shi nan. Na gwada shi a kan wata hasumiyar ruwa da ke can ƙarshen unguwarmu, na karanta rubutun jikinta. Yana tafiya sumul daga farko har ƙarshe. A duk shekarun da na yi a kan teburin nan ban yi aikin da ya kai shi ba, kuma ban yi wanda ba shi da amfani kamarsa ba.

In zaman can ya gagare ki, akwai ɗaki a gidan nan. Gwaggonki ce ta ce in rubuta, ni ma kuma da na rubuta.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Gwaggo, ina yi mata sannu da riƙon hannu. Na daɗe ban amsa ba, ba fushi ba ne. Na ɗan kwanta, amma ba irin ta da ba, na tashi, na koma aiki.

Bari in ba ka labarin ranar rufewa, don na san kana son ji kuma ba za ka tambaya ba. Na hau rufin tun kafin ƙararrawa. Uwar Guga ta bar gugarta ta biyo ni. Aka tara yaran duka a fili aka jera su, aka daɗe ana yi musu jawabi, sannan aka sake su suka watse da takardu a hannu. Na duba layin 'yan aji biyu har idona ya yi ruwa. Da na rasa yadda zan yi sai na cire rigar filo daga igiya na yi ta kaɗawa. Wata yarinya a kusa da ƙofa ta ɗaga hannu. Uwar Guga ta kama kafaɗata ta ce, "Ita ce! Wallahi ita ce, ta gan ki." Matar da ko lambar ɗaki a jikin tawul ba ta iya karantawa sai ta kai shi hancinta. Na ce mata, "Na'am, ita ce." Tasi suka yi ta zuwa suna tafiya. Ban san wadda ta shiga ba.

Gilashin ya iso bayan nan. Aikinka ya yi, Kawu, ko a hannun Baba bai kai haka ba. Na ɗaura shi na leƙa filin, babu kowa, amma ina ganin tsagar jikin katanga da zanen da yara suka yi da gawayi. Ka daina cewa ba shi da amfani. Kuma ka daina ɗora wa kanka, ni ma da na ƙara kalma biyu a takardar da ba mu zo nan ba.

Shekaranjiya na yi abin da ban taɓa yi ba. Tun da ba ta nan, takardar hanin ba ta da wanda take karewa. Na tsallaka titi na je ƙofar makarantar. Maigadi ya gane ni, ya ce, "Ke ce ta ranar nan?" Na ce ni ce. Ya buɗe ƙaramar ƙofa ya ce, "Shiga, ba kowa."

Filin ƙarami ne ƙwarai, ban zaci haka ba. Na je gindin katangar da take zama na tsuguna daidai tsawonta, na ɗaga kai na dubi otal ɗin. Na bar Uwar Guga a sama tana kwashe shanya, na san tana wurin, na san inda take tsayawa. Na duba, na sake dubawa. A lokacin da ake fito da su rana tana bayan ginin, tana dukan ido. Ba a ganin mutum a rufin nan, Kawu. Zannuwa kawai ake gani, su ma sai an kare fuska da hannu.

Duk watannin nan ina cewa a raina ko ba ta gan ni sosai ba, ta san akwai mai tsayawa a can. Maigadi ya ga na daɗe a tsugune, ya kawo mini ruwa a kofi, ya tambaye ni ko wani abu na yar. Na ce a'a.

Na gode da maganar ɗakin. Ba zan iya zuwa ba. Garin nan kaɗai ta sani da ni, in ta girma ta tashi nema nan za ta fara. Gobe ina da zannuwan hawa na uku, an yi baƙi da yawa.

'Yarka mai wanki.